HANYA DA SHAIDA: YADDA SHAFIN INTANET KE HAWA GABA A WURIN BINCIKE

An shirya wannan 'yar takarda domin 'yan kasuwa, da ƙungiyoyin manoma, da makarantu, da masu sana'ar hannu na ƙasashen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, waɗanda suka buɗe shafi a intanet, ko kuwa su ke da niyyar buɗewa. Da yawa daga cikinsu sun biya kuɗi an gina musu shafi mai kyaun gani, amma in an nemi sana'arsu a Google sai a tarar ba ta fito ba, ko kuwa ta fito can ƙarshen jeri inda ba mai kai wa. Dalilan haka suna da yawa. Ɗaya daga cikin manyansu shi ne za a bayyana a nan, watau rashin waɗansu shafuna masu nuna hanya zuwa ga shafin.

Garin da ba shi da hanya

Cikin 1929 layin dogo ya iso Ƙaura Namoda daga Zariya, ya biyo ta Funtuwa da Gusau, a nan kuwa ya tsaya. Tun kafin wannan shekara ana noman gyaɗa da auduga a ƙasar. Ƙasa ba ta sake ba, manoma ba su sake ba, abin da ya sake shi ne hanya. Da jirgi ya iso sai masu awo suka kafa sikeli, aka riƙa ɗauko amfanin gona daga ƙauyuka bisa jakuna da raƙuma zuwa tasha, daga nan ya kama hanyar Ikko. Sunan Ƙaura ya shiga taswirori da takardun ciniki, har mutanen da ba su taɓa taka ƙasar ba suka san shi.

Shafin intanet kamar gari ya ke. Kome kyaun gininsa, kome albarkar abin da ke cikinsa, in babu hanyar da ta zo gare shi daga waɗansu wurare, baƙo ba zai iso ba. Hanyar da ke tsakanin shafi da shafi ita a ke kira mahaɗi, samari kuwa su kan ce linki. Mahaɗi kalma ce ko hoto a cikin shafi, wanda in an taɓa shi sai ya kai mutum wani shafi dabam. A kan wannan dabara Tim Berners-Lee, wani masani mutumin Ingila, ya tsara yanar gizo cikin 1989, sa'ad da ya ke aiki a wata cibiyar bincike kusa da birnin Janiba.

Mahaɗi iri biyu ne ga mai shafi. Akwai mai fita, wanda shi da kansa ya sa domin ya nuna shafin wani. Akwai kuma mai shigowa, wanda wani ya sa a nasa shafin domin ya nuna nasa. Wannan na biyu shi ne masu sana'ar gina shafuna ke kira baklinki, kuma a kansa maganar wannan takarda ta ke.

Aikin mahaɗi biyu

Aikinsa na farko shi ne zama hanya. Kamfanin Google yana da wata manhaja mai suna Googlebot, wadda ba ta da aiki dare da rana sai bin mahaɗai daga wannan shafi zuwa wancan, tana karanta abin da ta tarar, tana shigar da shi cikin babban kundin kamfanin. In mutum ya rubuta tambaya, a cikin wannan kundi a ke duba masa amsa. Shafin da mahaɗai da yawa suka nufa, da wuri a ke gano shi, kuma a kan koma masa a kai a kai. Wanda babu mai nuna shi kuwa, ya kan daɗe ba a san da shi ba.

Aikinsa na biyu shi ne zama shaida, kuma wannan ya fi na farko nauyi. Kowa ya san yadda baƙo ke yi in ya sauka kasuwar Shinkafi ran Alhamis da nufin sayen shanu. Ba ya tambayar dillali ko shi mai amana ne, gama kowane dillali zai ce i, yabon kai kuwa jahilci. Mutanen kasuwa ya ke tambaya. Sa'an nan ba ƙidaya bakuna kaɗai ya ke yi ba, auna su ya ke yi. Maganar mai masaukinsa, dattijon da duk kasuwa ta sani da gaskiya, ta fi masa ta yara goma masu cin la'ada tare da dillalin. Haka nan kuma in ya lura wani mutum kowa aka ambata sai ya yaba, to, yabonsa ba ya da wani amfani.

Wannan hikima ce waɗansu ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford ta Amurka, Larry Page da Sergey Brin, suka mai da ita lissafi. Cikin 1996 suka fara aikin, suka sa masa suna BackRub saboda mahaɗai masu shigowa ya ke ƙirgawa, cikin 1998 kuma suka kafa kamfanin Google. Injunan bincike na gabaninsu sun fi dogara ga abin da shafi ya faɗa game da kansa, saboda haka masu wayo su kan maimaita kalma ɗaya sau ɗari don su hau gaba. Lissafin ɗaliban nan, wanda a ke kira PageRank, ya tsaya bisa ƙa'idodi uku. Ta farko, kowane mahaɗi mai shigowa shaida ce. Ta biyu, nauyin shaida gwargwadon nauyin mai ba da ita ne, shi ma kuwa nauyinsa daga waɗanda suka shaide shi ya ke fitowa. Ta uku, shafi ya kan raba nauyinsa ga dukan waɗanda ya nuna. Alal misali, shafuna biyu masu daraja ɗaya, guda ya nuna wurare 10, guda ya nuna 100, rabon da a ke samu daga na farko ya ninka na biyun sau goma.

Bayan wannan ana duba dangantaka. Shafin likitan dabbobi in ya nuna shafin mai sayar da dusa da harawa, shaidarsa ta fi ta shafin wasan ƙwallo ƙarfi, gama ya san abin da ya ke magana a kai. Ana kuma duba kalmomin da aka rataya mahaɗin a kansu. In an rubuta "farashin shanu a Shinkafi", injin ya fahimci abin da ke can. In an rubuta "danna nan" kawai, bai ƙaru da kome ba.

Ya kamata a sani, lissafin ya sake ƙwarai tun daga wancan zamani. Yanzu ana auna abubuwa masu yawa, kamar ko shafin ya amsa tambayar da aka yi, ko yana buɗewa sosai a wayar hannu, da kuma garin da mai tambaya ya ke. Cikin 2023 wani jami'in Google ya bayyana cewa mahaɗai ba su cikin abubuwa uku mafiya nauyi a wurinsu. Saboda haka shaidu ba su ɗaga shafin da ba kome a cikinsa. Amma in shafuna biyu sun yi kunnen doki wajen amfani, mai shaidun kirki shi ke wucewa.

Abin da ya sa maganar ta shafi arewacin Zamfara

Wanda duk ya rubuta sunan Zurmi ko Shinkafi a wurin bincike, abin da ya kan fara cin karo da shi labarin hare-haren 'yan bindiga ne. Labarun nan manyan gidajen jarida ne suka buga su, shafunansu kuwa suna da dubban shaidu. Abin ya faru, ba a kuwa neman a ɓoye shi. Amma garuruwan nan ba wannan kaɗai ke cikinsu ba. Ana noma, ana kiwo, ana karatu, kasuwa tana ci. Falke na Kano ko na Badun da ke neman wanda zai haɗa masa wake ko gero, in bai ga kome ba sai labarin tsoro, wani wuri zai kai kuɗinsa, asarar kuwa ta faɗa a kan manomi.

Ƙaramin shafi ba zai ture manyan jaridu a kan sunan gari tsurarsa ba, kada ma a ɓata ƙarfi wajen gwadawa. Inda ya ke da dama shi ne ƙananan tambayoyi, irin su kuɗin buhun gero a Ƙaura, ko ranar ɗaukar ɗalibai a wata makaranta, ko inda a ke samun maƙeri mai gyaran garmar shanu. Irin waɗannan ba su da masu amsa su da yawa, balle da Hausa, wadda rubutunta a intanet bai kai ko kusa da na Turanci ba. A irin wannan fage shaidu kaɗan na kirki su kan isa.

Yadda a ke samun shaidu na gaskiya

Na ɗaya, a ajiye abin da ya cancanci nuni. Ba mai nuna shafin da babu kome cikinsa sai hoton shugaba da kirari. A ce wata ƙungiyar 'yan kasuwa ta ɗauki al'adar rubuta farashin hatsi da dabbobi kowace ran kasuwa, da kwanan wata, da irin mudun da aka auna da shi, ba fashi. Bayan shekara guda tana da abin da babu mai shi sai ita, kuma ɗan jarida, da ɗalibi mai bincike, da ma'aikacin gona duk za su bukace shi, in sun yi amfani da shi kuwa su kan nuna inda suka samo. Makaranta ta sa ranakun jarrabawa da kuɗin zango. Mai sana'ar hannu ya sa hotunan aikinsa na kansa, da bayanin girma da kwanakin da aiki ke ɗauka.

Na biyu, a fara da na kusa. Kowace sana'a tana da waɗanda suka riga suka san ta: kamfanin da a ke sarin kaya a wurinsa, uwar ƙungiya ta jiha, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, hukumar da aka yi wani aiki tare da ita. In suna da shafi, a rubuta musu takarda cikin ladabi, a roƙi su sa suna da adireshi a jerin abokan hulɗarsu. Sai da ɗan gari a kan ci gari.

Na uku, a kusanci makarantun ilmi mai zurfi. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda an kafa ta cikin 1983, Jami'ar Tarayya ta Gusau kuma cikin 2013. Shaidar irin waɗannan wurare tana da nauyi, ba don wani asiri da ke cikin adireshinsu ba, sai don yawan masu nuna su. Ba a sayen wannan shaida, aiki ke jawo ta. Mai masana'anta da ya karɓi ɗalibai koyon aiki, ko ƙungiyar da ta taimaki malami da alƙaluman bincikensa, in an zo buga rahoto tana da bakin roƙon a ambace ta tare da adireshin shafinta.

Na huɗu, a aika wa 'yan jarida labari na gaske. An buɗe injin casar shinkafa, an yaye ɗalibai, an yi wa dabbobi rigakafi: a rubuta abin a taƙaice, da rana, da wuri, da adadi, da hoto, da lambar wanda za a tuntuɓa. Edita ba ya buga talla a madadin labari, amma yana maraba da labarin ƙauye in an tabbatar masa da shi. In jarida ta ambaci sunan ƙungiya ba ta sa mahaɗi ba, babu laifi a roƙa a sa, in an ƙi kuwa a yi godiya a bar maganar.

Na biyar, a shiga jerin sana'o'i na gaskiya, musamman wanda Google ke ba masu kasuwanci kyauta domin su fito a taswira. A tabbata suna da adireshi da lambar waya iri ɗaya ne a ko'ina. In an rubuta suna iri uku a wurare uku, injin ya kan ɗauka sana'o'i uku ne, shaidar ta rabu.

Akwai mahaɗan da ke kawo mutane amma ba su cika zama shaida ba. Cikin 2005 aka fito da wata alama da a ke rubutawa nofollow, ma'anarta "kada a bi", wadda mai shafi ke liƙa wa mahaɗi don ya nuna bai tsaya wa wurin da ya nufa ba. Wikipedia da Facebook suna sa wannan alama a mahaɗan da jama'a ke sakawa. Saƙon WhatsApp kuwa injin bincike ba ya ganinsa ko kaɗan. Duk da haka kada a raina su, gama ta nan ne mai wani shafi ya kan fara ganin abu, har ya nuna shi a nasa.

Shaidar zur

Akwai masu aiko saƙo suna cewa za su samar wa shafi mahaɗai dubu cikin mako guda a kan 'yan kuɗi kaɗan. Abin da su ke yi shi ne su watsa adireshin cikin shafunan banza da aka gina musamman domin wannan ciniki, waɗanda ba mahalukin da ke karanta su. Wannan daidai ya ke da hayar shaidu a ƙofar alƙali, kuma dokokin Google sun hana shi, haka nan sun hana yawan musayar "nuna ni in nuna ka".

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Cikin Fabrairu 2011 jaridar New York Times ta tona cewa wani babban kantin Amurka mai suna J.C. Penney yana fitowa na ɗaya a kan kayayyaki masu yawa saboda dubban mahaɗai da aka dasa a shafunan da ba ruwansu da sana'arsa. Kantin ya ce ba da saninsa aka yi ba, ya kuma sallami waɗanda ya ba aikin, amma duk da haka Google ya tura shi can baya har kamar wata uku. Cikin Afrilu 2012 kamfanin ya fito da wani gyara mai suna Penguin domin kama irin wannan maguɗi, cikin 2016 kuma ya haɗa shi da lissafinsa na kullum. Mai sayen mahaɗai ɗayan biyu ke samunsa: ko a yi watsi da su kuɗinsa ya tafi a banza, ko a hukunta shafin. In babban kanti ya sha wuya haka, ina ga ƙaramar ƙungiya mai tara kuɗi da taro da sisi?

Talla ba laifi ba ce. Wanda ya biya jarida ta sa masa talla ya yi daidai, muddin an liƙa wa mahaɗin alamar da ke nuna na kuɗi ne. Cikin 2019 aka ƙara wata alama musamman domin haka. Sai dai amfanin talla masu karatu ne da za ta kawo, ba hawa gaba a jeri ba.

Masu wannan ciniki su kan nuna wata lamba tsakanin 1 da 100, su ce darajar shafi ke nan. Waɗansu kamfanoni ne dabam, irin su Moz, ke ƙiyasta ta, ba daga Google ta fito ba, shi kuwa tun 2016 ya daina nuna wa jama'a makin PageRank. Wanda duk ya yi alkawarin sa shafi ya zama na ɗaya a rana kaza, alkawarin abin da ba ya hannunsa ya yi.

Dubawa da kiyayewa

Google yana da wani wuri mai suna Search Console, kyauta ne, inda mai shafi zai ga shafunan da suka nuna shi, da tambayoyin da ke kawo masa mutane, da gargaɗi in an hukunta shi. Dubawa sau ɗaya a wata ya isa, gama sakamakon sabon mahaɗi ya kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. In an ga baƙin shafuna marasa kan gado sun nuna shafin ba da sanin mai shi ba, kada hankali ya tashi, galibi injin da kansa ke watsi da su. Tun 2012 akwai hanyar barranta da mahaɗai, amma an tanade ta ne domin wanda ya taɓa saye ya ke so ya gyara.

Hanyar da aka gina tilas a kiyaye ta. In an sake adireshin wani ɓangare na shafi ba a juya tsohon zuwa sabon ba, duk mahaɗan da suka nufe shi sun zama gadar da ruwa ya ci. Mafi muni shi ne a bar sunan shafin ya mutu. Sunan haya ne, ana sabunta shi da kuɗi, masu ƙarewa da .ng kuwa ƙungiyar NiRA ke kula da rajistarsu. Lalle ne a yi rajista da sunan mai sana'a ko ƙungiya, ba da sunan yaron da ya gina shafin ba, don kada ran da aka ɓata ya tafi da shi. A tuna kuma da abin da ya faru cikin Satumba 2021, sa'ad da aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda tsaro, aka yi makonni babu sadarwa. Shafi ba ya mutuwa don an rufe layi a garin mai shi, gama a kwamfutocin wani wuri ya ke ajiye, amma in wa'adin biya ya faɗo cikin irin wannan lokaci ana iya rasa sunan, da shaidun shekaru tare da shi. Maganin abin shi ne a biya tun da sauran lokaci, kuma a danƙa wa wani amintacce a wani gari ikon biya.

Daga ƙarshe, kada neman suna ya jawo asara. Abin da falke ke karantawa, mugu ma yana karantawa. A rubuta farashi, amma kada a rubuta ranar da motar kaya za ta tashi, ko hanyar da za ta bi, ko yawan kuɗin da aka tara, ko gidan ma'aji. Lambar ofis ta isa.

Magatakardan ƙungiya da ya karanta wannan takarda, aikinsa na farko ba ya bukatar ko kwabo. Ya samu takarda ya jera wurare goma da suka san ƙungiyarsa kuma su ke da shafi, ya duba ko nasa shafin yana da abin da za su yi alfaharin nunawa, in babu ya fara tanadinsa, in akwai ya rubuta wa na farko a wannan mako. Mahaɗi ɗaya na kirki a wata, a shekara sha biyu ke nan. Sannu ba ta hana zuwa.